Darasi Huɗu, Yatsa Guda

A daminar shekarar da aka jefa ƙuri'ar i ko a'a, Rabo ɗan wana Mani ya zo hutu daga Dakar. Ya iske gero ya kai gwiwa, ana maimai. Ya gama shekararsa ta farko a jami'a, kuma duk ƙauyukanmu na arewacin Matankari shi kaɗai karatu ya taɓa kaiwa bakin teku. Ya zo da akwatin ƙarfe, da tabarau wanda bai tafi da shi ba, da wata takarda mai shafi biyu. A cikinta zai rubuta darussan da ya zaɓa ya ci gaba da su. Ya ce dole ta bi motar wasiƙu ta Juma'ar ƙarshen wata zuwa Yamai, in ba haka ba a janye bursu, wato kuɗin karatun da gwamnati ke biya masa, a ba wani. A ƙasan takardar akwai gurbin yatsan uba, don shekarunsa ashirin ne, Nasara kuwa ba ya ɗaukar mutum ya mallaki kansa sai ya cika ashirin da ɗaya. Yatsan ma ba a gida ake sa shi ba, sai a biro, wato ofishin gwamnati, a Dogon Dutsi, gaban ma'aikacin da zai buga hatimi.

Rabo ɗan fari ne. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama ya yi hira da shi, ba ya kallonsa ido da ido. Tun ranar da aka haifi Rabo, Mani bai taɓa ce masa "kai" ba. In zai aike shi, ni yake gaya wa, ko da yaron na tsaye a wurin. In yaron na da magana, ni yake kawo wa. Shekara ashirin ni ne bakinsu, kuma ban taɓa jin aikin ya yi mini nauyi ba sai wannan daminar.

Kwana uku da zuwansa muka zauna a rumfar ƙofar gida bayan an taso daga gona. Mani ya ba mu gefensa, yana ɗaure ƙotar hauya da igiyar kaba.

"Sallau, tambayi baƙon naka mi takardar ga taka so."

Rabo ya dube ni ya fara bayani. Darasi huɗu ake haɗawa kafin a ba mutum babbar takardar shaida. Uku dole ne ga wanda ya bi hanyar da ya bi: ilimin zaman jama'a, wanda suke ce wa sosiyoloji, da ilimin yadda hankalin mutane ke juyawa in suna cikin taro, da tattalin arziki. Na huɗu mutum ke zaɓa da kansa, ko tarihi, ko labarin ƙasa, ko etinoloji.

"Wane ne na shari'a cikinsu?" in ji Mani.

"Baba Sallau, shari'a gidanta daban ne. Shekara huɗu ake yi, ba a haɗa ta da waɗannan. Bursu kuma hanya ɗaya take biya."

"Wanga na ƙarshe mai sunan magani, mi aka yi cikinshi?"

"Ana koyon yadda za a je wurin tsofaffi a tambaye su al'adunsu, yadda suke gado, yadda suke raba ƙasa, abin da suke yanka wa. A rubuta shi daidai. Shi na zaɓa."

Mani ya ajiye hauyar. Bai ɗaga murya ba.

"Ce mishi na gane sana'ar. Mun taɓa yin baƙo mai ita."

Labarin baƙon kowa a gidanmu ya san shi. Ina saurayi wani Nasara ya zo da tafinta ya sauka ƙauyenmu kwana tara. Ba haraji ya zo karɓa ba, ba ya neman 'yan aikin tilas, tambaya kawai yake yi. Babanmu ya shimfiɗa masa tabarmarsa, ya yanka masa akuya. A lokacin muna da gona a fadama wadda kakanninmu suka sare, babanmu ne kuma ke yi wa doguwar wurin, aljanar da ke tsaronsa, yanka kafin kowa ya yi shuka. Nasara ya tambaye shi gonar ta wa ce. Babanmu ya ba shi amsar da kowane mai hankali a cikinmu zai bayar, ya ce ƙasa ba ta mutum ba ce, ta masu wurin ce, mu jiran ta muke yi. Baƙo ya rubuta. Bayan shekara goma sha ɗaya wani ɗan gidan sarauta ya sa wa gonar ido, aka je shari'a. Lokacin babanmu ya riga ya rasu, Mani ne ya tsaya. Aka buɗe littafi aka karanta masa cewa mutanen nan da bakinsu sun ce ƙasar ba ta da mai ita. Da hantsi aka shiga, kafin azahar gona ta tafi.

A shekarar da ta biyo, lokacin da mutane ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a kai su lakwal, makarantar Nasara, Mani da ƙafarsa ya kai Rabo Dogon Dutsi. Mutane suka ce ya haukace. Ya ce yana son a gidansa a sami wanda zai tsaya gaban alƙalin Nasara ya mayar masa da magana da harshensa.

"Shekara goma sha uku ina noma babu hannunshi," in ji Mani, yana kallon ƙasa. "Sa'o'inshi sun yi aure, suna cika ma iyayensu rumbu. Ni na haƙura, na ce mai shari'a nika jira. Ashe mai tsegumi anka dahwa mini."

"Baba Sallau, gaya masa dokar da ake koyarwa can ta Faransa ce, gadon gidajensu da aurensu. Ba ita ta ci gonarmu ba. Littafi ne ya ci ta. In ba a sami wanda ya rubuta wani ya gyara ba, ko lauya goma gare mu wannan littafin za a riƙa buɗe mana."

"Wancan ma cewa ya yi gyara ya zo yi."

"Wancan bai ji Hausa ba. Ni ɗan gida ne."

"Ɗan gida ya hi muni. Shi ya san inda anka aje komi." Mani ya miƙe ya ɗauki hauyarsa. "Ce mishi yatsana na nan jikina. In shina so, shi rubuta shari'a. In ba haka ba ga hauya, gero na jira."

Daga ranar Mani ya daina zama inda Rabo yake. In ya hango shi a rumfa sai ya bi ta bayan gida. Akushinsu ma aka raba. Magana ta koma sai na ɗauka daga gona in kai bukkar da Rabo ya sauka, in ɗauko amsa in mayar. Maganganun kuwa ba masu daɗin ɗauka ba ne. Mani ya ce in tambayi malamin nasa ko tabaraun da ya sa na ganin asirin mutane ne. Rabo ya ce in gaya wa tsohon cewa shi ba sandar ramuwa ba ne da za a yanke a ajiye shekara goma sha uku. Mani ya ce in an gama rubuta tsofaffi, a zo a rubuta jakinsa, shi ma yana da al'ada. Rabo ya ce wanda ya ƙi fahimtar abin da ya kayar da shi, gobe ma a nan zai faɗi.

Ban kai ko ɗaya daga cikinsu yadda aka ba ni ba. Haka na saba. Mai kai magana tsakanin uba da ɗa yakan cire ƙaya a hanya, kowa ya san da haka, su ma sun sani. Abin da Mani ya ce da zafi in kai shi da sanyi, abin da Rabo ya ce da tsaurin ido in sa masa "don Allah" a gaba. Shekara ashirin haka ta fisshe mu.

Saura kwana shida motar ta tashi, Ma'u uwar Rabo ta tare ni a bakin rijiya. Ita ma ba ta kiran sunansa.

"Sallau, wancan bai ci tuwon jiya ba. Mai gidan kuma da dare sai juyi. Kai ka iya da su, ka daidaita su."

"Ina ƙoƙari."

"Ƙoƙari ba shi tsai da mota."

Da la'asar na iske Rabo a bukka yana kwance da littafi a ƙirji. Na zauna na ce ya sake lissafa mini darussan nan a hankali, ko akwai inda shari'a ta ɗan raɓe su. Ya yi tsaki, amma ya yi bayani. A cikin bayanin ne ya ce tattalin arziki ba a gidansu ake koyar da shi ba. Sai sun tsallaka fili sun shiga gidan masu karatun shari'a sau biyu a mako, malaman shari'a ne ke koyarwa, tare ma suke zama da masu neman zama lauya.

"Cikin gidan shari'ar za ka zauna?"

"A benci ɗaya da su. Amma ba shari'a ba ce, Baba Sallau, maganar kasuwa ce da haraji da albashi."

"Na ji."

Washegari a gona na tsaya kusa da Mani, muna noma kafaɗa da kafaɗa. Na ce, "Yaya, yaron ya sauko. Ya ce in ya koma zai shiga gidan shari'a. Malaman shari'a za su koya mishi, benci guda da masu zama lauya."

Mani ya tsaya, ya dogara da hauya. "Da bakinshi ya hwaɗi?"

"Da bakinshi."

"Wancan na tambaye-tambaye hwa?"

"Ana gyara maganar."

Ya dubi bakin gona. Sannan ya ce, "In dai shari'a zai yi, Juma'a mu tahi." Ya sunkuya ya ci gaba da noma, na ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da na daɗe ban ji ba.

Da yamma na ce wa Rabo, "Ya ce in dai ƙafarka za ta taka gidan shari'a, zai sa yatsa."

Ya tashi zaune. "Ka gaya masa ba shari'ar ce zan karanta ba?"

"Na gaya mishi yadda abin yake."

"Etinoloji fa?"

"Bai ƙara tada maganar ba."

Babu kalma guda a cikin abin da na faɗa musu da zan ce ban ji da kunnena ba. Lissafina shi ne, Mani bai san karatu ba, ni ma a lokacin ban sani ba. Zai dangwala yatsa, takarda ta tafi, yaro ya koma karatunsa. Kafin shekara uku su cika zuciya ta huce, in ya dawo da babbar takarda aka ba shi kujera a Yamai, wa zai tsaya tambayar wane darasi ya yi? Abin da ban sani ba shi ne yadda ake aiki a biro.

Ranar Juma'a muka kama hanya da sassafe. Mani ya sa rigarsa ta shuni wadda ba ta fita sai da dalili, ya hau jaki yana gaba. Ni ina tsakiya, Rabo na baya da takardar cikin jakar fata. A hanya Mani ya tsaya ya sayi ƙosai wurin wata mata, ya miƙo mini ya ce in ba na baya, tafiya da yunwa ba kyau. Rabo ya karɓa da hannu biyu. Ni na kasa ci.

Hantsi ya yi sosai muka hango jan dutsen garin. Motar wasiƙu na tsaye gaban gidan waya ana ɗaure kaya. A barandar biro muka iske Maikano, komi, wato magatakardan da ke riƙe da hatimi. Lakwal ɗaya suka yi da Rabo, yana gabansa da aji uku, amma shi karatunsa a ƙaramar takarda ya tsaya. Ya dubi tabaraun Rabo kafin ya dubi fuskarsa, ya kira shi Mushe, yadda ake kiran Nasara.

"A'a, manyan Dakar. Mushe Rabo da kansa. An ce can har kifi ya iya Faransanci."

"Ina kwana, Maikano. Takarda ce, muna son ta bi motar nan."

"Kowa motar nan yake so." Ya karɓa ya shimfiɗa a tebur, ya jawo ɗan akwatin tawada. Mani ya matso, ya naɗe hannun riga, ya miƙa babban yatsa.

"Dakata, Baba," in ji Maikano. "Ba a sa yatsa kan abin da ba a ji ba. Dokar biro ce, wanda bai iya karatu ba sai an karanta masa da harshensa. Kumandan ba ya wasa da wannan."

Na ce, "Ai mun san abin da ke ciki. Mota za ta tashi."

"Kun sani, ni ban san kun sani ba."

Ya gyara zama ya fara, yana jan kowace kalma kamar mai shela a kasuwa. Ilimin zaman jama'a. Ilimin hankalin taro. Tattalin arziki. Da ya zo na huɗu sai ya yi murmushi.

"Etinoloji. Wannan, Baba, shi ne a bi ƙauye-ƙauye da alƙalami ana tambayar tsofaffi mi suke ci, mi suke bauta wa. Da can Nasara ke yi, yanzu an samu na gida."

Yatsan Mani na nan a miƙe. "Karanto na shari'ar."

Maikano ya juya takardar gaba da baya. "Babu shari'a a nan."

"Duba da kyau."

"Baba, shekara tara ina wannan tebur. Gurbin shari'a ga shi can sama, ba a taɓa shi ba."

Mani ya sauke hannunsa. Ni ya fara juyowa ya kalla. Rabo ma ni yake kallo.

"Baba Sallau, ka ce ka gaya masa."

"Yaya, gidan shari'ar zai shiga, wannan gaskiya ne, sai dai..."

"Yi shiru, Sallau."

Na ja da baya. Masu jiran layi a barandar suka juyo, har gardin da ke tsaron ƙofa ya matso.

Na juya wurin Rabo na rage murya. "Ka cire na huɗun nan. Ka sa labarin ƙasa, ko tarihi. Ai ka ce zaɓi ne. Ko wannan kaɗai ka bar mishi."

Maikano ya tsoma alƙalami a tawada ya miƙo masa. "Layi ɗaya ne, Mushe. Ka ja, ka rubuta wani a sama, in buga hatimi a kai."

Rabo bai karɓa ba. "Sauran ukun saboda wannan na ɗauke su. In na cire shi, me zan koma yi?"

Sai Mani ya juya gaba ɗaya ya fuskanci ɗansa. Ban taɓa ganin haka ba, Rabo ma bai taɓa gani ba, har ya ja da baya taki ɗaya.

"Rabo."

Sunan ya fito daga bakinsa kamar na wani baƙo.

"Kai nika ma magana, tunda mai kai maganar ya zama abin da ya zama. Ka ce za ka rubuta ka gyara. Wa zai hwaɗa maka? Wanda ya san iyakar gonar ga, da itacen da anka ɗaura yanka gare shi, da sunan wanda ya sare ta, ni kaɗai na rage. Ko Sallau bai sani ba duka. Za ka zo ka shimhiɗa mini tabarma ka yanka mini akuya?"

"Baba, in ba a rubuta ba, ranar da babu kai shi ke nan ta tafi."

"Ta tahi da mutuncinta. Ubana ya yi magana sau guda, gona ta tahi. Ni in na yi, mi ya rage a ɗauka? Kabarinshi?"

"Ni ba zan rubuta ƙarya ba."

"Wancan ma ba ƙarya ya rubuta ba. Abin da anka hwaɗa mishi ya rubuta. Kai ba ka ma gane inda ciwon yake ba, kana da tabarau."

"Na gane. Kai ne ba ka son a taɓa wurin. So kake in je in yi shekara huɗu in dawo in yi maka faɗan da aka gama tun ina ƙarami. Ko na zama lauya gonar nan ba za ta dawo ba, Baba. Ka sani."

Wani tsoho a layi ya ce, "Subhanalla." Mani bai motsa ba.

Direban motar ya danna ƙaho daga gidan waya. Maikano ya dubi agogon bango, ya daina murmushi.

"To, ku yanke. In Baba ba zai sa ba, takardar ta ce uba ko mai riƙo. Amma mai riƙo ba ya sawa sai in babu uban."

"Rubuta babu," in ji Mani.

"Baba, ba a rubuta haka sai in mutum ya rasu ko ya ɓace."

"Zaɓi wanda ya hi maka sauƙin rubutu."

Ya saki hannun rigarsa ya sauka daga barandar. Muna kallo ya kwance jakinsa, bai hau ba, ya ja shi suka bi hanyar Matankari.

Maikano ya goge alƙalamin a tsumma. Murya ƙasa ya ce, "Akwai wata kalma da ake sawa, wadda ke nufin uban bai samu zuwa ba. Ita zan sa. Amma wanda ya dangwala, shi ne uba a takardun gwamnati daga yau. Duk abin da ya taso, shi za a kira." Ya turo akwatin tawadar gabana.

Na dubi Rabo. Bai roƙe ni ba, bai ma dube ni ba. Na san in na sa yatsan nan na shiga gurbin wana yana raye, a gaban mutane, kuma kafin in isa gida labari ya riga ni. Na san kuma in ban sa ba, shekara goma sha uku na karatu sun ƙare a wannan barandar, kuma ni na kawo su nan. Ƙaho ya sake tashi. Na danna yatsa a tawada, Maikano ya kama hannuna ya kai inda ake so, ya buga hatimi.

Muka fito. Rabo ya kai takardar gidan waya da kansa, ya daɗe yana magana da direba, sannan ya dawo inda nake tsaye.

"Akwai wuri a baya, kan buhuna. Zan bi su Yamai, in jira a can har a koma."

"Ba ka sallami uwarka ba."

"In na koma gidan yau, ta wace ƙofa zan shiga?" Ya cire tabaraun ya goge da bakin riga. "Ka aiko mini akwatina. Kuma Baba Sallau, ƙarya ka yi mini."

"Na yi."

"Da ka kawo mini maganarsa yadda take, da na san abin da zan yi tun a gida. Da ba a yi wannan a gaban Maikano ba."

"Haka ne."

Ya jira ko zan ƙara wani abu. Sannan ya hau motar, ya zauna ya ba garin baya.

Ni kaɗai na koma. Ban yi sauri ba, sai bayan la'asar na shiga ƙauye. Tun daga nesa na ga mata sun tsaya a ƙofofinsu, babu wadda ta yi mini sannu da zuwa. A cikin gida na iske Mani ya tuɓe rigar shuni, ya fito da zana uku sababbi waɗanda muka saƙa tare don gyaran danga. Ya haƙa ramuka a jere tun daga gindin rumbu har bakin turken awaki, ta tsakiyar gidan da ubanmu ya bar mana, ɗakunansa a gefe guda, nawa a gefe guda. Ma'u na zaune a ƙofar ɗakinta da ƙwarya a cinya, ba ta tambaye ni ina wancan ba.

Mani ya kafa dirka ta farko, yana son ya ɗaura zana, amma ƙasar ta jiƙe, da ya saki sai dirkar ta kwanta. Ya tayar, ta sake kwantawa. Sau uku.

Na ajiye sandata na je na riƙe masa. Bai ce in bari ba. Ya ɗaure sama, ya ɗaure ƙasa, ya matsa rami na gaba, na bi shi da dirka ta biyu. Haka muka yi har bakin turke. Da muka ɗaure ta ƙarshe yana can ɓangarensa, ina nan nawa, sai na ji ya ce da Ma'u ta kawo masa ruwa.